Darasi na 7: Baƙin Ɗigo a Cikin Hoto

'Yan uwa masu ɗaukar hoto, daga Nuwamba zuwa Fabrairu babu inda ƙurar hunturu ba ta shiga a Kaduna, har cikin kyamara. Idan ka cire gilashin gaba, can ciki akwai ɗan faranti mai sheƙi, sunansa sensa. Shi ke karɓar haske ya mai da shi hoto. In ƙura ta sauka a kansa, sai ka ga ɗigo mai duhu a kan farar shaddar ango.

Mataki na 1: Nemo ƙurar

Murɗa maɓallin sama zuwa harafin A. A kyamarar Canon an rubuta Av. Duba allo, za ka ga harafin f da lamba a gefensa. Murɗa ɗaya maɓallin, mai canza wannan lamba, har ta kai 22.

Nan ne kowa ke tuntuɓe, saboda haka mu bi a hankali. Lamba babba, ƙofar haske ƙarama. Sai ƙofar ta ƙanƙance ƙura ke fitowa sarai. A kan 4 ba za ka gan ta ba, sai ka ɗauka kyamararka ƙalau take. Sake duba allon. Me aka rubuta? In 4 ne ko 5.6, ci gaba da murɗawa. Biyu da biyu muke nema, 22. Ba komai in ka rikice, da koyo akan iya. Faɗa da bakinka: lamba babba, ƙofa ƙarama.

Yanzu ɗauki farin bango sau biyu. Faɗaɗa hoton a allo, ka bi shi kusurwa-kusurwa. In ɗigon yana wuri ɗaya a duka biyun, canza gilashi ka sake ɗauka. Yana nan? To ƙurar tana kan sensa. Ba ka ga komai ba? Koma ka duba ko kana kan 22.

Mataki na 2: Hure ta

Cika batir tukuna. Zaɓi tsabtace sensa a jerin umarni, cire gilashi, kifa bakin kyamara ƙasa, ka matsa 'yar robar hura iska sau uku ko huɗu. Kada bakin robar ya taɓa sensa.

Na gaji da faɗa: ban da hurawa da baki! Yawu ke bushewa a kai. A ajin bara wani ya sa bakin rigarsa ya goge, ya bar zane a kowane hoto har yau. Don Allah ku ji magana.

Mataki na 3

In ɗigon ya ƙi tafiya, ya manne ne. Kai wa mai gyara.

Mataki na 4

Kashe kyamara kafin canza gilashi, kuma kada ka canza a bakin titi.