Yadda za ka sa yaronka ya taso da son Pillars a ransa

In kana so ɗanka ko ƙaninka ya zama ɗan Sai Masu Gida na gaske, wato mai goyon bayan kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Kano Pillars, toh ka fara da kai shi fili tun yana ƙarami, kar ka tsaya kana masa wa'azi a gida. Yaro ba ya son kulob don an ce ya so, yana sonsa ne don mutumin da ya riƙe masa hannu ya kai shi. Ka tambayi duk wani ɗan Madrid ko Arsenal a gidan kallon unguwarku yaya aka yi ya fara, za ka ji yawanci yayansa ne ko kawunsa ko abokan majalisa, ba wai ya zauna ya yi lissafin kofuna ba ne. Su waɗancan ta talabijin suka shigo mana, mu kuwa namu yana nan Ƙofar Mata, adaidaita ɗaya ce ta raba ku da filin Sani Abacha.

Ranar wasa ku fita da wuri bayan azahar, ku sayi tikiti, ku samu wajen zama mai inuwa inda babu turereniya, ka riƙe masa ruwa. Ka bar shi ya ga lokacin da 'yan wasa ke fitowa ana kiɗa jama'a sun miƙe baki ɗaya ana Sai Masu Gida, wallahi wannan karon farkon shi ne komai, saboda a nan yaro zai ji cewa shi ma yana cikin waɗannan dubban mutanen, ɗan kasuwar Kwari da malamin makaranta da mai faci duk bakinsu ɗaya. Daga ranar za ka ji ya fara cewa mun ci, an ci mu, alhali ko ƙwallon bai taɓa ba.

Sai labari, kuma a nan nake so ka daɗe. Ka gaya masa a 1990 aka kafa kulob ɗin, an ɗauki gasar ƙasa a 2008, sannan aka jera uku 2012 da 2013 da 2014. Ka ba shi labarin 2009 da muka fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka, aka tashi biyu da biyu a Alƙahira, muka je har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tsayar da mu. Ka gaya masa Ahmed Musa da ya zura wa Ajantina biyu a kofin duniya na 2014 wannan rigar ya sa kafin ya tafi Turai, kuma ya dawo ya sake sa ta. Rabi'u Ali Pele kuwa ka nuna masa shi da kyau, ɗan wasan da ya shekara da shekaru yana ɗauke da ƙungiyar nan a ka. Amma kar ka ɓoye masa 2022 da muka faɗi zuwa ƙaramar gasa, ka gaya masa yadda abin ya yi ciwo da yadda mutane ba su watse ba har aka dawo a 2023. Ni a ganina wanda bai san ranar baƙin cikin kulob ɗinsa ba bai gama zama magoyinsa ba, ɗan cin nasara ne kawai, gobe in wani ya ɗau kofi can zai koma.

Riga ma tana da nata aikin. Ka saya masa mai ruwan ɗorawa da kore ko da ta kasuwa ce, a buga masa sunansa a baya, abin da yaro ya sa a jikinsa ya fita da shi layi dole ya kare shi in an zolaye shi.

In kuma yana son Barcelona ko Chelsea kar ka hana shi, zuciya tana ɗaukar biyu, Asabar ya kalli nasa na waje Lahadi ku tafi Ƙofar Mata.

Abin da zan roƙe ka don Allah shi ne ka kula da bakinka da hannunka a gabansa. In alƙalin wasa ya busa abin da bai maka ba, kar ka zage shi, kar ka jefa ko ledar ruwa, domin yaron kai yake kallo ba fili ba. Rikicin 'yan kallo ya sha jawo mana tara da rage maki da kai wasanninmu na gida wani gari, mu muka yi asara ba baƙin ba. In ka ga wasa ya fara zafi saura minti kaɗan a tashi, kama hannunsa ku fice tun kafin ƙofa ta cushe, sakamakon kwa ji a rediyo a hanya.