Yadda za ka auna fim ɗin Indiya da ya ɗauko labarin mata da talauci

Tun zamanin gidajen silima na Kano har zuwa yau da ake fassara finafinan Indiya da Hausa ana kallo a waya, mun saba da labarin gidan da ya samu karayar arziki, uba ya gaza, mata suka ɗauki nauyin rufin asiri. Irin wannan labari yana saurin sa mutum hawaye, shi ya sa mai shirya fim yake iya yin aikin ganin dama, a fito ana yabonsa. Akwai hanyar tantancewa, kuma fim ɗin Laaga Chunari Mein Daag, wanda Pradeep Sarkar ya ba da umarni, kamfanin Yash Raj ya fitar a 2007, misali ne mai kyau, domin ya tara manyan 'yan wasa amma bai gamsar da masu sharhi da masu kallo ba.

Da farko ka bi sawun kuɗin. Ka tambayi kanka nawa ake bin gidan, wa yake bi, me zai faru idan ba a biya ba, kuma daga ina ɗan abin da ake ci yake shigowa. A Mother India na Mehboob Khan, wanda ya fito a 1957, an amsa waɗannan tambayoyi dalla-dalla: rufi 500 na kuɗin Indiya aka ranto wajen Sukhilala mai ba da bashi da ruwa domin hidimar biki, sharaɗin ya koma ba shi kashi uku cikin huɗu na amfanin gona, saboda haka duk lokacin da jarumar fim ɗin, Nargis, ta sunkuya a gona mai kallo ya san wa take yi wa noman. A fim ɗin 2007 kuwa, an nuna uwa, wato Jaya Bachchan, a kan keken ɗinki dare da rana a wani tsohon gida da ke bakin kogin Ganga a Banaras, an nuna uba, wato Anupam Kher, ya kwanta ciwo, ga kuma rikicin gida da dangi. Wurin keken ɗinkin nan shi ne mafi gaskiya a cikin fim ɗin gaba ɗaya, sai dai ba a tsaya a kansa ba, aka wuce da sauri zuwa Mumbai.

Bayan haka ka rage sauti na ɗan lokaci, ka bar idonka ya yi aiki. Idan baki yana cewa babu na cefane, amma sutura sabuwa ce fil, fuska ta sha kwalliya, hasken ɗaki kamar na gidan biki, to masu fim ɗin sun fi tsoron ɓata kyan jarumarsu fiye da ɓata labarin. Waƙa da rawa ba laifi ba ne, al'adar finafinan ce, amma ka lura ko bayan waƙar ana komawa kan matsalar ko an manta da ita.

Inda ya fi buƙatar natsuwa shi ne wurin da macen take yanke shawara mai nauyi. Badki, babbar 'yar gidan da Rani Mukerji ta fito a matsayinta, ta je Mumbai neman aiki ba ta da takardun karatu mai zurfi, wani mai kuɗi ya yaudare ta da alkawarin aiki, daga nan ta faɗa harkar sayar da mutunci da sunan Natasha, tana aika kuɗi gida tana ɓoye gaskiya. Ka ƙirga ƙofofin da aka nuna maka sun rufe kafin ta kai ga wannan. Idan biyu ne ko uku aka nuna a gurguje, marubucin ne ya tura ta domin labarinsa ya yi zafi, kuma hakan rashin adalci ne ga ɗimbin matan da suke wanki da aikatau da ƙananan sana'o'i a birni irin wannan. Ka kuma duba abin da ya biyo baya: shin an nuna tsoro da wulaƙanci da haɗarin da ke cikin harkar, ko kuwa gida mai tsada da tafiya ƙasar waje kawai aka haska?

Sai ka dubi wanda ya warware matsalar. A nan ƙanwar, Konkona Sen Sharma, ta gama karatu da kuɗin yayarta ta samu aiki a kamfanin talla, abin da ya isa a gina ƙarshe mai ma'ana a kansa. Maimakon haka sai aka kawo Abhishek Bachchan a matsayin lauya wanda ya san komai tun farko kuma ya yarda zai auri Badki, sannan ya zamana ɗan'uwan saurayin ƙanwar ne. Fim ɗin da ya ce yana ɗaukaka juriyar mace, amma ya bar mutuncinta a hannun namijin da zai yafe mata, ya warware abin da ya saƙa da kansa.

Idan fassarar Hausa ka kalla, ka yi hattara kafin ka yanke hukunci a kan kalaman 'yan wasa, domin masu fassara sukan ƙara barkwanci ko su sassauta magana mai nauyi. Ka dogara da abin da ba ya sauyawa da fassara, wato tsarin labarin, hoton da aka ɗauka, da yadda aka ƙare.