Yadda ake shirya walimar aure a lambu ba tare da rana, ƙura ko sauro sun kori baƙi ba

Ranar da na gaya wa Gwaggo cewa a lambun mangwaro za mu yi walimar autarmu, ajiye carbinta ta yi ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ɗiyar nan, mi ya yi zahi? Ɗakunan taron Birnin Kebbi duk sun cika ne, da za ki kai muna amarya daji?" Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, amaryar ce ta roƙa." Yarinyar ta je bukukuwan ƙawayenta har ta gaji da ganin abu ɗaya: farin yadi a bango, furen roba, kujera mai ruwan zinare. Ita tana son wurin da in an ga hoton za a san nata ne.

Mun yi, ya kuma yi kyau, amma mun sha wuya a wuraren da ba dole ba ne ku sha. Kuskuren da na fara da shi shi ne ɗaukar lambu kamar ɗakin taro marar rufi. A ɗakin taro kai ke yanke lokaci da wurin zama. A lambu kuwa rana da iska da itatuwa ne suke yankewa, naka bi.

Mataki na 1: a san abin da za a kai lambu

Ba duk biki ake ɗauka a fita da shi ba. Ɗaurin aure na maza ne, a masallaci ko ƙofar gidan waliyyi, a bar shi can. Sa lalle da wankan amarya na tsofaffi ne a cikin gida, kuma wanda ya ce zai fitar da su waje ya ja wa kansa surutun shekara. Walima ko wunin mata su ne suka dace da lambu.

Kafin a biya kowa ko sisi, a nemi yardar iyaye na ɓangarorin biyu, a kuma faɗa musu dalla-dalla ko mata zalla ne ko da maza. Kebbi da Zamfara jihohi ne masu aiki da shari'a tun shekarar 2000, kuma akwai Hisba, saboda haka batun cakuɗuwa da irin kiɗan da za a sa ba abin da za a bari sai ranar ba ne. A sanar da mai unguwa ma. Mu mata zalla muka yi, ango da abokansa biyar suka shigo na rabin awa aka yi hoto suka fita.

Mataki na 2: a zaɓi wata

Daga Yuni zuwa Satumba a manta da zancen. Ko ruwa bai sauko ba, hadari da iskar da ke gabansa sun isa su kife rumfa, kuma lambunan da ke bakin fadama ƙasarsu ba ta gama tsanewa sai Oktoba ta yi nisa. Maris zuwa Mayu kuwa kowa ya san bazarar ƙasar nan, zafi na haura digiri 40, inuwar ma huci take yi. Abin da ya rage shi ne tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. A cikinsu ni na fi son ƙarshen Nuwamba da farkon Disamba: ganye na nan kore, an yi girbi, sanyi bai kai na ƙin fita ba, hazo kuma bai yi kauri ba tukuna.

A duba kalandar Musulunci tare da ta boko. Azumin 2025 ya kama a watan Maris, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, wato yana shigowa cikin hunturu. Makonnin da ke gabansa kowa ke sa biki, masu hayar kujeru da rumfa sai wanda ya riga. In kuwa Argungu ne, a kauce wa makon bikin kamun kifi in za a yi shi a shekarar, don baƙinku ba za su samu masauki ba.

Mataki na 3: a je a zauna a lambun

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane, kuma shi ake tsallakewa. Mutum ya leƙa da hantsi, ya ga inuwa ta yi luf, ya ce ya yi. Inuwar hantsi ba ita ce ta la'asar ba. A je daidai lokacin da za a yi taron, a shimfiɗa tabarma daga ƙarfe 3:30 har kiran magariba, sau biyu in da hali. Rana na komawa yamma, inuwa na gudu gabas, kuma wurin da ya yi daɗi da ƙarfe huɗu zai iya komawa cikin rana da ƙarfe biyar in babu dogayen itatuwa ta yamma da shi. Ku tafi da ƴan turaku ku kafa a iyakar inuwar kowace rabin awa. Abin da ya rage a tsakiya shi ne filin bikinku na gaskiya, kuma galibi bai kai abin da ido ya gani ba.

Sai a ɗaga kai sama. Akwai itatuwan da balbela ke kwana a kansu, ana gane su da farin kashin da ke ƙasa, kuma da yamma suke dawowa, daidai lokacin da amarya ta zauna. A duba ko akwai saƙar zuma ko gidan rina. Mangwaro na da inuwa mai duhu da sanyi, amma a cikin hunturu yake fure, furen na kakkaɓowa cikin abinci, yana kuma jan ƙudan zuma. Dogon yaro ya fi shi tsabta a wannan lokacin duk da inuwarsa ba ta kai ba. Kada a sa kujera ƙarƙashin giginya mai ƴaƴa, ko ɗaya ya faɗo wa mutum a ka an gama biki.

Sai a sunkuyar da kai ƙasa: cinnaka, ramin kunama, ƙaya, kututture da aka sare aka bari. A tambayi mai lambu inda rijiya take da ramukan ban ruwa, domin yara za su zo ko ba a gayyace su ba. A leƙa maƙwabta kuma. In akwai shinkafar rani kusa, ruwa na kwance, to sauro na nan yana jiran faɗuwar rana.

Abu na ƙarshe, hanya. Mota mai kaya za ta iya kaiwa bakin shinge? Tamu ba ta kai ba. Mai kujerun da muka yi haya ya taso da azahar ranar bikin, motarsa ta kafe a rairayi, sai da samarin unguwa suka riƙa jido kujeru a ka suna shigowa da su, baƙi na tsaye suna kallo. Tun daga ranar nake cewa kaya su kwana a wurin, a biya mai gadi.

Mataki na 4: a yi magana da mai lambu a gaban shaida

Lambu abincin mutum ne. A yanke kuɗi, a yanke iyakar inda ƙafa za ta taka, wa zai biya in yara sun karya reshe ko sun tattake kwamin albasa, wa zai share. A roƙe shi ya tsayar da ban ruwa a wajen zaman kwana uku kafin ranar, don ƙasa ta yi ƙarfi. Da safiyar bikin kuma a yayyafa ruwa sama-sama, wanda zai kwantar da ƙura kawai, ba wanda zai yi caɓi ba.

Mataki na 5: a raba wuri da bin iska

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Saboda haka duk abin da ke hayaƙi ko ƙara, murhun masu girki, tukubar mai nama, janareta, a kai shi kudu maso yamma da wurin zama, iska ta tafi da shi. Janareta ya yi nisa sosai, a ƙara tsawon waya, a binne ta cikin ƙasa ko a rufe da tabarma don kada tsohuwa ta harɗe. Ta ɓangaren da iskar ke shigowa a ja zana ta tare ƙura. Zanar nan kuma ita ce sutura daga idon masu wucewa, wadda ba a samun natsuwar mata sai da ita.

Baƙi su ba rana baya, su fuskanci gabas. Amarya ta fuskance su, hasken yamma ya sauka a fuskarta ta tsakanin ganye, mai hoto zai gode muku.

A keɓe wurin salla mai tsabta da tabarmi, da durom na ruwa da butoci aƙalla 10. A kafa makewayi biyu da zana, nesa da abinci, a sa mace ɗaya tana duba ruwansu. Ba wanda zai yaba muku a kan wannan, amma rashinsa ne abin da za a tafi da shi gida a baki.

Mataki na 6: ado

Nan ne mutane ke zuba kuɗi a inda bai kamata ba. An zo lambu saboda itatuwa, sai a kawo kanofi goma a rufe su, a rataya furen roba a jikin bishiya mai rai. In haka ne gara a zauna a ɗakin taro. Rumfa ɗaya ta tsofaffi ta isa, sauran a bar wa inuwa.

Abin da ke sa biki ya zama na mutum shi ne kayan gidansu. Dangin angonmu Kabawan Argungu ne, kakansa masunci. Muka aro manyan gora biyu irin waɗanda ake shiga kogin Matan Fada da su a bikin kamun kifi, da homa, wato ragar kamun kifi, muka kafa a bakin shiga. Duk tsohuwar da ta fito daga ɓangarensu sai ta tsaya ta shafa gorar ta yi dariya. Ta wajenmu kuma muka fito da tasoshi da akusan da Inna ta gada, muka jera bayan amarya, muka lulluɓe mazauninta da saƙi, muka zagaye da tum-tum na fata don ƙawaye. Ku tambayi kanku me gidanku ke da shi: maƙera ne, malamai ne, Fulani ne masu ƙorai da faya-fayai? Akwai shi a ɗakin wata kaka, ƙura ta rufe.

Randuna sababbi a gindin itatuwa, kowace da faifai da moɗa, sun fi kular roba kyan gani, ruwansu kuma da sanyi. Kaskon turaren wuta a kusurwoyi, a hannun babba, nesa da zana, domin busasshiyar ciyawa da iskar hunturu ba sa wasa da garwashi.

Batun anko: kore na ɓacewa cikin ganye, fari kuma kafin magariba ya koma ruwan ƙasa. Ruwan goro, ja, ruwan ƙwai ko shuɗi mai duhu sun fi fitowa. A gaya wa ƙawayen amarya tun da wuri cewa takalmi mai tsini nutsewa yake, a kuma shimfiɗa kafet daga mota har mazaunin amarya.

Mataki na 7: abinci

Ƙa'ida ɗaya ce, komai a rufe har lokacin ci, saboda ƙura da ƙuda. Abin da ake yi a wurin a ci da zafi ya fi tafiya da lambu: mai waina da tandarta da miyar taushe, mai balangu, soyayyen kifi, tarwaɗa ko giwan ruwa in an samu. Dambun shinkafa na jure jira. Fura da nono a ƙwarya da ludayi na da kyau, amma a ajiye a inuwa da ƙanƙara, a dama kaɗan-kaɗan. Soɓorodo da kunun aya a zuba a robobi masu murfi, zaƙi a buɗe kiran ƙudan zuma ne. Mai shayi ɗaya a gefe, wajen ƙarfe biyar da rabi da sanyi ya fara saukowa, shi ya fi kowa kasuwa a bikinmu.

Lambu ba shi da ƙofar da ake rufewa. In kun gayyaci 150, ku dafa na 220, ku ware tukunya guda ta yaran unguwa da almajirai a ba su a waje cikin mutunci, ku sa dattijo ɗaya da kowa ke jin nauyinsa a bakin shiga.

Mataki na 8: a tashi da rana

A Birnin Kebbi cikin Disamba ana kiran la'asar wajen ƙarfe huɗu, magariba kuma wajen shida da minti 20. Awa biyu da ɗan kai ke nan, ba ƙari. A rubuta ƙarfe uku a kati, a yi la'asar a can, amarya ta shigo huɗu da rabi ko mai kwalliya ta gama ko ba ta gama ba. Malama ta yi nasiha a taƙaice, a ci abinci, a yi hoto tsakanin biyar da shida lokacin da haske ya yi laushi, a raba alkaki da dubulan, a sallami mutane. Waɗanda suka zo daga Jega, Argungu ko Bunza su kama hanya da sauran haske, yanayin tsaro bai bar mana tafiyar dare ba. Fitilun sola biyar ko shida a tanada don masu kwashe kaya.

Washegari da sassafe a koma da samari da buhuna a tsince leda ɗaya bayan ɗaya, don akuyar mai lambu in ta ci tana iya mutuwa. A cike ramukan turaku, a kashe tokar murhu da ruwa, a kai wa mai lambu nasa kason kayan biki har gida. A ƙirga kujeru a gaban mai su kafin a loda. Namu uku suka ɓace, sai bayan kwana biyu muka same su a bukkar mai gadin gonar da ke maƙwabtaka, ya ce ya ɗauka kyauta aka bar masa.