Yadda ake hawa da gangarowa tudun Adar da kat-kat, mota mai ja da tayoyi huɗu

Wanda ya bar kwaltar Tawa ya nufi ƙauyukan Keita ko Buza ya san hanyar: tsakuwa, jan dutse mai kaifi, sai korama a ƙasan kwari.

Tun a gari ka duba tayoyi har da safaya, ka ɗauki jak, shebur, igiyar ja da jarkar ruwa. Ka gaya wa wani inda za ka, don waya ba ko'ina take kamawa ba.

Da ka iso gindin tudu, tsaya cak, sa giya a furi, ka mayar da motar 4L, wato giyar ƙarfi mai jan tayoyi huɗu a hankali. Hau da giya ta ɗaya ko ta biyu, totur daidai wa daida, ƙafa nesa da kuloci. Babban dutse kuwa, ɗora taya a kansa. In ka bar shi ya shiga tsakanin tayoyi, ƙarƙashin motar zai daka. Idan mota ta mutu a tsakiyar hawa, kada ka kuskura ka juya ta a karkace, nan ake kifewa. Taka birki, sa ribas, ka koma baya a miƙe, sannu a hankali.

Wajen gangarowa giya ta ɗaya, ka bar inji ya riƙe motar. Danne birki tun daga sama yana sa ya yi zafi ya daina kamawa. In kun haɗu da mai hawowa, kai za ka ba shi hanya.

Da damina, musamman a Agusta, in ka tarar korama ta kawo, sauka ka jira ruwan ya janye, ko da fasinja na gunaguni.