Yadda Ake Zaɓen Murhun Tafiya da Kaskon Suya Domin Girkin Iyali

Iyalin da suka saba fita da kayan girkinsu, ko zuwa ƙauye hutun Sallah, ko kwana a gona lokacin girbi, ko kai yara yawon buɗe ido wurare irin su Yankari a jihar Bauchi, sun san cewa neman itace da duwatsun murhu a baƙon wuri ba ƙaramar wahala ba ce, musamman idan damina ta jiƙa komai ko kuma an isa da dare yara suna kukan yunwa. Shi ya sa murhun tafiya, wato ƙaramin murhun da ake ɗauka a hannu a jefa a mota, ya cancanci a zaɓe shi da natsuwa. Shawarar da zan fi nanatawa ita ce kada a sayi murhu yau a sayi kasko gobe ba tare da an gwada su tare ba. A fara da tukunyar da za a ɗora da yawan bakin da za a ciyar, sannan a nemi murhun da zai iya da su.

Dalili kuwa shi ne, da yawa daga cikin ƙananan na'urorin da ake shigowa da su an ƙera su ne domin mutum ɗaya ko biyu masu dafa ruwan shayi da taliyar leda, alhali girkinmu na tukunya mai nauyi ne. Tuwon mutum takwas yana buƙatar a danne tukunya a tuƙa da muciya da ƙarfi, kuma murhun da ƙafafunsa ba su da faɗi zai riƙa rawa har ya kife da talge mai zafi a tsakiyar yara. Saboda haka, kafin a tafi kasuwa a auna faɗin gindin tukunyar da uwargida ta fi amfani da ita, ko ma a tafi da ita, a ɗora a kan murhun a gaban mai shago, a girgiza ta kamar ana tuƙi. Idan mazaunin tukunyar siririn ƙarfe ne da yake lanƙwashewa da ɗan yatsa, a bar shi komai arharsa.

Batun makamashi ba ya buƙatar dogon bayani. Kurfoti na gawayi yana da arha kuma yana ba nama ƙamshi, amma yana ɗaukar lokaci kafin ya kama, ga toka, ga wahalar kashewa idan za a tashi. Risho na kananzir yana da jimiri, sai dai man yakan tsiyaya a mota ya bi kayan abinci da wari. Gas ya fi su tsafta da sauri da sauƙin sarrafa wuta, don haka a kansa bayanin zai tsaya.

Nau'in da aka fi sani a kasuwanninmu shi ne ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko kilo 6 wadda ake ɗaura kan murhun a bakinta kai tsaye. Amfaninta babba shi ne ana iya cika ta a kusan kowane gari, kuma ba ta da tiyon da zai tsage. Aibinta shi ne tsayi: tukunyar girki tana zama can sama, nauyi ya koma bisa, ƙaramin karo sai ta tuntsure. Nau'i na biyu shi ne shimfiɗaɗɗen murhu mai zuwa cikin 'yar jakar roba, wanda ake saka masa gwangwanin gas mai kimanin giram 220 a gefe. Yana zaune daram a ƙasa, ba shi da nauyi, ya dace da shayi da ƙwai da ɗumame, amma gwangwanin ba a sake cika shi, kuma ba kowane ƙauye ake samunsa ba. Na uku shi ne mai kai biyu da ake haɗawa da tukunyar gas ta hanyar tiyo da regulato, wato na'urar da ke daidaita fitar gas, a ajiye tukunyar can gefe nesa da wuta. A ganina, duk iyalin da suka kai mutum biyar wannan ya fi dacewa da su, domin ana dafa shinkafa a kai ɗaya ana haɗa miya a ɗayan, kuma shi kaɗai ne cikin ukun da yake ɗaukar faffaɗan kasko cikin aminci.

Ana rubuta ƙarfin wuta a jikin kwali da kilowat ko da BTU, kuma BTU 10,000 a awa ya yi daidai da kusan kilowat 3. Kai mai kilowat 2 zuwa 3 ya ishi girkin gida. Lissafin gas ma mai sauƙi ne: kan da ke ba da kilowat 2 yana cin kimanin giram 150 a awa ɗaya idan an ƙure shi, wanda ke nufin gwangwani mai giram 220 ba zai wuce awa ɗaya da rabi ba, yayin da tukunya mai kilo 3 za ta yi kusan awa 20. Duk wanda zai dafa wake ko ganda a daji sai ya yi wannan lissafin tun daga gida, domin wake kaɗai yana iya cinye gwangwani guda bai nuna ba.

Amma abin da masu saye suka fi mantawa da shi, wanda kuma ya fi ƙarfin wuta muhimmanci, shi ne iya rage ta. Kowane murhu yana iya ruri, kaɗan ne suke iya riƙe 'yar ƙaramar wuta ba tare da ta mutu ba, kuma da wannan ƙaramar wutar ake turara shinkafa, da ita tuwo yake sulala, da ita masa take nuna har ciki kafin bayanta ya ƙone. A roƙi mai shago ya kunna, a juya makunnin a hankali zuwa ƙasa, a ga ko wutar tana raguwa daki-daki ko kuwa daga ruri sai mutuwa. A kuma lura da launinta. Shuɗiyar wuta mai fitowa daidai ta kowace ƙofa alama ce ta gas yana ci yadda ya kamata, ita kuwa mai jan harshe ko ruwan ɗorawa tana baƙanta gindin tukunya, tana ɓarnar gas, tana kuma fitar da iska mai guba.

Iska ma abin lura ce, domin a fili ake girkin. Lokacin hunturu iska tana kwashe zafin wuta kafin ya kai tukunya, sai a ga ruwa ya ƙi tafasa gas yana ta ƙarewa. Murhun da murfinsa ke miƙewa ya zama kariya ta baya, da fukafukai biyu a gefe, ya fi wanda ba shi da komai nesa ba kusa ba. Idan za a kare da kwano ko falle, a kare ɓangaren da iska ke fitowa kawai, kada a kewaye murhun har da tukunyar gas, domin zafin da aka tsare a ciki zai koma kanta.

Sai kasko. Wanda ake nufi a nan shi ne shimfiɗaɗɗen farantin ƙarfe mai ɗan baki a gefe, wanda ake soya ƙwai, a gasa burodi, a yi sinasir da wainar fulawa, a kuma gasa yankakken nama ko kifi a kai. Idan iyali masu son masa ne, to tanda mai gurabu daban ce, kuma duk ƙa'idar da za a ambata ta shafe ta. Sirrin kasko yana cikin kaurinsa. Siririn falle yana zafi nan take a daidai inda harshen wuta ya taɓa, ya bar gefe da sanyi, sai tsakiyar sinasir ya ƙone bakinsa yana ɗanye, kuma bayan 'yan kwanaki sai ya bankare, mai ya riƙa gangarewa gefe guda. Baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 3 zuwa 4 ya wadatar, kuma maƙeranmu suna iya yanka shi daidai girman murhun mutum, su naɗe bakinsa, su sa masa hannu biyu. A tabbatar dai sabon ƙarfe ne, ba guntun durom ɗin da aka taɓa zuba sinadari ko fenti a ciki ba, ba kuma kwanon rufi mai shafin tutiya ba, domin wannan shafin bai dace da wuta da abinci ba.

Kaskon ƙarfen zubi, mai nauyin nan, shi ya fi kowanne riƙe zafi, ta yadda ko an zuba nama mai sanyi ba ya hucewa, sai dai yana jinkirin ɗaukar zafi, yana da nauyin ɗauka, kuma yana iya tsagewa idan ya faɗi ko aka kwara masa ruwan sanyi yana da zafi. Na alminiyam ba shi da nauyi kuma yana raba zafi da sauri fiye da ƙarfe ninki uku ko fiye, abin da ya sa ya dace da ƙaramin murhu, amma da zarar an rage wuta sai ya huce. Mai shafin hana kamu, irin na Teflon, yana da daɗin wanki a wurin da ruwa ya yi ƙaranci, sai dai shafin yana fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260 a ma'aunin Selshiyos, kuma cokalin ƙarfe yana kankare shi. Don ƙwai da wainar yara ya yi, don gashin nama da wuta mai ƙarfi kuwa ni baƙin ƙarfe zan zaɓa.

Ga inda haɗarin yake, kuma shi ya sa na ce a zaɓe su tare. Faffaɗan kasko yana mayar da zafi ƙasa. Idan aka ɗora shi a kan shimfiɗaɗɗen murhun nan har ya rufe gurbin gwangwani, gwangwanin zai yi ta ɗaukar zafi har ya fashe. Haka kuma haramun ne a wurin masu ƙera su a jera irin wannan murhu guda biyu a ɗora musu kasko ɗaya. A kan tukunya mai kilo 3 ko 6 ma, kaskon da ya yi faɗi da yawa yana dafa bakin tukunyar da robar da ke cikinsa. Ƙa'idar ita ce kasko ya tsaya iyakar mazaunin tukunya, kuma a bar rata tsakaninsa da kan murhu domin wuta ta sha iska.

Kafin a biya kuɗin tukunyar gas a duba shekarar ƙira da aka buga a jikinta, domin hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, SON, ta ƙayyade mata shekara 15. A guji mai tsatsa a gindi, da wadda ta loɓa, da wadda aka yi wa walda ko aka lulluɓe da sabon fenti don ɓoye tsufa. Duk lokacin da aka haɗa tiyo a shafa kumfar sabulu a mahaɗan. Inda kumfa ta riƙa tasowa, nan gas yake fita. Ba a gwada yoyo da ashana. A cikin mota tukunyar ta tsaya a tsaye a ɗaure, a cire kan murhun daga jikinta, kuma kada a bar ta ko gwangwani cikin rufaffiyar mota a rana. Ana rubuta gargaɗin digiri 50 a jikin gwangwanayen, alhali a bazarar Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas zafin waje kansa yana haura 40, na cikin mota kuwa ya fi haka sosai.

Ba a girki a cikin tanti ko rufaffen ɗaki ko mota, komai sanyi komai ruwan sama. Wuta a wurin da iska ba ta shiga tana haifar da gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana farawa da ciwon kai da jiri da kasala, kuma tana kashe mai barci bai farka ba. Garwashin gawayi da ake shiga da shi ɗaki don jin ɗumi ma haka yake yi. Ga kuma gobara: wadda ta tashi a tantunan Mina a aikin Hajjin 1997, da aka danganta da gas ɗin girki, ta ci rayukan alhazai fiye da 300, kuma bayanta ne aka kafa tantuna masu jure wuta. A girka murhu a ƙasa mai tauri daidai, nesa da busasshiyar ciyawa, a juya hannun kasko ciki, a kuma sa babba ɗaya ya tsare yara.

Sabon kaskon baƙin ƙarfe yana buƙatar a hore shi kafin tafiya. A wanke shi da sabulu, a busar a kan wuta, a shafa man gyaɗa kaɗan da tsumma, a bar shi ya yi hayaƙi har man ya kama, a maimaita har fuskarsa ta yi baƙi tana sheƙi. Daga nan, bayan kowane girki a kankare shi yana da ɗumi, a goge, a sake shafa mai kaɗan, a naɗe shi a takarda ko buhu don kada ya yi tsatsa ko ya ɓata kaya. Sannan a yi girki cikakke guda ɗaya a tsakar gida da murhun da kaskon da tukunyar da za a tafi da su, domin a nan ne za a gane ko tiyon ya yi gajere, ko makunnin yana gardama, ko ana buƙatar ƙarin robar bakin tukunya da ashana a cikin jaka.