Kurakuran da muke yi wajen shirya wa kunkuru wuri a gida

Yawancin kunkurun da ake kiwo a gidajen Damagaram ɗan yankinmu ne na Sahel, wanda masana ke kira sulcata. A sayo shi bai kai tafin hannu ba, a jefa shi a bahon roba, a tura lungun ɗaki. Alhali in ya samu kulawa yakan wuce kilo 40, ya haura shekara 50 a duniya. Baho na ƴan watanni ne. Tun yau ku ware masa kusurwa a tsakar gida, ku kewaye da bulo, ginin ya shiga ƙasa sosai don gwanin tono ne. Kada ku sa waya ko gilas: muddin yana hango waje, tura zai yi ta yi har ya ji ciwo.

Abin da ya fi damuna shi ne daɓen siminti. A daji rami yake haƙawa mai zurfi, can yake samun sanyi da laima lokacin bazara. A kan siminti ba tono, ba laima, ƙafa na zamewa. Ƙaramin da ya tashi a bushe haka yakan yi ƙoƙon baya tudu-tudu maimakon sumul, kuma in ya yi, ba ya komawa. Ku zuba ƙasa da ɗan yashi, zurfin taƙi ɗaya aƙalla, ku kifa masa rabin fasasshen tulu ya riƙa shiga, kuna yayyafa ruwa a ƙarƙashi.

Sai rana. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wadatar da shi, domin gilas na tare sashen hasken da jikinsa ke ƙera bitamin D da shi. In babu wannan, ƙashi da ƙoƙo sai su yi laushi. Ku fitar da shi ya sha hantsi, amma da inuwa kusa. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Zinder ke wuce digiri 40, ƙaramin da aka manta a baho cikin rana ba ya kai la'asar. Da hunturu kuma ku shigar da shi ɗaki da dare. Hanci mai yoyo alamar sanyi ya kama shi ne, a kai shi wurin likitan dabbobi.

Ragowar tuwo da shinkafa ba cimarsa ba ce. Ciyawa yake ci, ɗanya da busasshiya, a barbaɗa masa ɗan dakakken ɓawon ƙwai. Ruwa a faranti marar zurfi.

Masu huda gefen ƙoƙonsa su ɗaura igiya, don Allah ku bari. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, da jini da jijiya, yana jin zafin hudar.