Kafin ka taka kik: tayar da tsohon babur da ya daɗe a ajiye

Wanda ya yi ritaya yana da abin da bakanike mai jiran kuɗin aiki ba shi da shi, wato lokaci, kuma tsohon babur ba abin da yake buƙata kamarsa. Nawa Honda CD175 ne, mai silinda biyu da kafireto ɗaya, wanda aka ƙera daga 1967 zuwa 1979, amma yawancin abin da zan faɗa ya shafi baburan Japan na wancan zamani.

Kada ka taka kik tukuna, duk yadda ƙafarka ke ƙaiƙayi. Injin da ya shekara da shekaru a tsaye, cikin silindarsa ya bushe, wataƙila ma tsatsa ta kama ringi. Cire fulogi, ka ɗiga baƙin mai ta ramukan, ka bar shi ya kwana biyu. Daga nan sai ka sa giya ta huɗu, ka riƙa tura babur gaba da baya a hankali. In fistin ya motsa, madalla. In ya ƙi, ƙara mai, ka ƙara haƙuri, don ƙarfi ba abin da zai jawo sai karyewar ringi.

Juye tsohon baƙin mai, amma kada ka tsaya nan. Wannan injin ba shi da filtar takarda. Akwai wani ɗan kofi a ɓangaren dama da ke juyawa tare da kuranshaf yana tara datti. Da na buɗe nawa, abin da na kankaro baƙi ne ƙirin, ya daskare sai ka ce yumɓu. A wanke shi tas da kananzir. Sannan ka buɗe murafan tafet ka zuba sabon mai a kan kamshaf, domin a kan alminiyam yake juyawa kai tsaye, kuma ɗan lokaci kaɗan ba mai ya isa ya cinye shi.

Wata magana da ba kasafai ake faɗa ba: sukurorin baburan Japan ƙirar JIS ne, wato ma'aunin masana'antun Japan, sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo a gefen gicciyen. Sukundireban Phillips zamewa yake yi ya lalata kan sukuron. Nemi na JIS, ko wanda ake bugawa da guduma.

Tsohon fetur yakan zama danƙo ya toshe jet ɗin kafireto, wato 'yan bututun da fetur ke bi, musamman ƙaramin da ke riƙe injin in yana tsaye. Jiƙa su, ka busa da iska, kada ka zura wayar ƙarfe, za ta faɗaɗa ramin. Tanki mai tsatsa kuwa, zuba binega da 'yan notuna ka girgiza, ka ɗauraye, ka busar da shi nan take.

Wuta ba ta da wahala: sabon batir mai bolt 6, a goge kwantak, a saita tazararsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4, a jingina fulogi a jikin injin a ga tartsatsi shuɗi.

Taya da birki ba na sassauci a kansu. Don sanin shekarun taya, dubi lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019, lamba uku kuwa kafin 2000 aka yi ta. Ko zanenta bai ci ba, robar ta mutu, canza ta har da tif. Ƙurar tsohon birki na iya ɗauke da asbestos, wani ma'adini mai illa ga huhu, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, ban da hurawa.

Fenti shi ne na ƙarshe. Ranar da injin ya tashi, kada ka murɗa totur. Bar shi yana aiki a hankali, ka sassauta murfin tafet ɗaya, ka tabbatar mai yana isowa sama. In bai iso ba, kashe shi.